Duhun dare a katin Kirsimeti ba da baƙi ake yin sa ba

Wata yarinya daga Marwa ta aiko mini da hotunan katuna uku haɗe da wannan tambaya: "Baba, ina haɗa katunan Kirsimeti da hannu, ina sayarwa a bakin coci da wajen aikin yayata. Bana na samu alƙaluman maka masu alkol, ina son in yi sararin dare mai duhu da taurari a bayan makiyaya. Amma duk wanda na yi sai ya fito layi-layi, wani wurin dabbare-dabbare, tawadar kuma ta yi naso ta shiga jikin tumakin. Alƙalamin ne ba shi da kyau, ko hannuna ne?"

'Yata, na duba hotunan da kyau, har na ja su na ƙara musu girma. Hannunki lafiya lau, tumakinki ma sun fi nawa kama da tumaki. Alƙalamin kuma bai yi laifin da kike ɗora masa ba. Taron dangi aka yi miki: kin fara da launi mafi duhu, takardarki ba ta sha tawada ta ƙoshi ba, ga shi kuma kina aiki a Marwa cikin Disamba, lokacin da iskar hunturu take busar da riga kafin a gama shanya zane. Wannan na ƙarshe masu koyarwa a bidiyon intanet ba sa faɗin sa, don yawancinsu a Turai da Amurka da Japan suke, tawadarsu tana jira su. Tamu nan arewacin Kamaru ba ta jiran kowa.

Abin da ke cikin alƙalamin nan rini ne da aka narka a alkol, wato sifirit irin wanda ake goge rauni da shi. Ba fenti ba ne, ba ya rufe abin da ke ƙarƙashinsa. Ana hangen takarda ta cikinsa kamar yadda ake hangen fuska ta cikin mayafi shara-shara. In kika ja layi, alkol zai kai rinin cikin jikin takarda, ya bi iska, ya bar rinin a nan. In kika ja na biyu a gefensa tun na farko yana da danshi, sai su narke su zama abu guda. In kuwa na farkon ya riga ya bushe, inda suka hau kan juna rini ya zama ninki biyu, ido kuwa ba ya yafe wannan. Layukan da suka dame ki ke nan. Kowane ɗaya a cikinsu shaida ce cewa bakin aikinki ya bushe kafin ki dawo kansa. A launi mai haske da wuya a lura, amma a shuɗi mai duhu daga bakin ƙofa ake hango su.

Ban sani ba ko kin taɓa tsayawa a marina kin kalli masu rini da baba. Ni na daɗe a tsaye a karofin Ƙofar Mata a Kano wata shekara, ina kallon wani tsoho yana tsoma farin yadi. Tsomin farko ya fito shuɗi mai haske kamar sararin hantsi. Ya mayar, ya ɗago, ya mayar, har yadin ya kai launin da muke kira baƙi alhali kowa ya san shuɗi ne ya yi zurfi. Wannan launi shi ne launin dare, haka kuma ake isa gare shi a takarda, tsomi bisa tsomi, daga haske zuwa duhu. Bambanci ɗaya ne: marini yana barin yadinsa ya sha iska tsakanin tsomi da tsomi, ke kuwa ba ki da wannan sukuni, dole shafa ta biyu ta tarar da ta farko da sauran danshinta. Baƙin alƙalami kuwa ki ajiye shi can gefe. Sararin da aka shafe da baƙi ba ya kama da dare, kama yake da allon makaranta.

Takarda. Ta fotokopi mai nauyin giram 80 ki bar wa ɗalibai, tana jiƙewa nan da nan, ta lanƙwashe, tawada ta bi ta kamar ruwa a rairayi. Takardar zane mai kaushi, irin wadda ake saya wa 'yan makaranta don fensir da guwash (fentin nan mai kauri da ake damawa da ruwa), tana shanye tawada kamar rijiya, tana kuma cinye bakin alƙalami. Mai sheƙi ta buga hoto kuwa tawada ba ta shiga jikinta sam, a sama take kwanciya ta yi danƙo. Abin da za ki tambaya a shagon littattafai shi ne farin bristol, wato takarda mai kauri kamar kwali, mai santsi, mara sheƙi, mai nauyi tsakanin giram 200 zuwa 250. Sai dai ba duk abin da ake kira bristol a kasuwa ne iri ɗaya ba, don haka kada ki sayi dami. Ki sayi falle ɗaya, ki yanki ɗan gefe, ki shafa shuɗi sau uku a wuri guda. In gefen launin ya tsaya inda kika tsayar da shi, ko ya ɗan gota kamar kaurin gashi, ki koma ki sayi sauran. In ya bazu ya yi gashi-gashi, ki nemi wani.

Kada kuma ki yi zanen a kan jikin katin da za a naɗe. Tawadar nan sai ta ɓullo ta baya, ba makawa, kuma haka ake so. Ki yi sararin a wani falle daban, daga baya ki manna shi. A4 guda, in kika raba shi biyu kika naɗe kowane rabi, zai ba ki kati biyu masu santimita 10.5 da 14.8, waɗanda suke shiga ambulan C6 daidai. Fallen da za ki shafa ki yanke shi ya ɗan fi abin da kike buƙata girma, kamar santimita ɗaya a kowane gefe. Dalilin zai zo yanzu.

Launi nawa? Huɗu sun isa, uku ma suna yi. Shuɗi mai haske sosai, shuɗi matsakaici, shuɗi mai duhu, da wani mai ɗan ja-ja a ciki, ruwan shunayya mai duhu, don can ƙololuwa. Masu amfani da Copic, alƙalamin kamfanin Too na Japan da ya fito a 1987, suna da sauƙi a nan, domin lambobinsa suna magana: harafi yana nuna dangin launi, lamba ta farko tana nuna yadda launin ya yi tsabta ko ya karkata zuwa toka, ta ƙarshe kuma tana nuna duhu. Wanda ya ɗauki B32, B34, B37 da B39 ya san tsani ɗaya ya hau daga ƙasa zuwa sama. Wanda yake son dare mai hazo ya bi B91 har B99. Amma na ga naki ba Copic ba ne, irin masu baki biyu ne da ake sayarwa cikin baƙar jaka, kuma babu komai, da irinsu na yi yawancin aikina. Lambobinsu dai ba su bin wannan tsari, murfinsu kuma maƙaryaci ne, launin da ya nuna ba shi ne a ciki ba. Ki shafa kowane shuɗi da kike da shi a guntun takardar da za ki yi aiki da ita, ki rubuta lambarsa a gefe, ki bar su su bushe, sannan ki jera su. Idan tazarar duhu tsakanin biyu ta yi yawa, ba za su haɗu ba ko kin kwana kina gogawa.

Yanzu ga aikin kansa, kuma a nan zan daɗe. Ki ɗora fallen a kan tayil ko faifan roba mai tsabta. Na fi son haka a kan tarin takarda, don takarda tana zuƙe alkol ta ƙasa, iska tana kwashewa ta sama, ke kina tsakiya. Jarida kuwa kada ki kuskura, rubutunta zai tashi ya kama bayan aikinki. Ki cire murfin duk alƙaluman da za ki yi amfani da su ta ɓangaren baki mai faɗi, ki jera su a hannun dama bisa tsari, don lokacin da za ki ɓata wajen kokawa da murfi shi ne lokacin da layi yake haihuwa. Ki ɗauki mafi haske, ki shafe duk sararin daga wannan gefe zuwa wancan, a kwance, kowane ja ya hau rabin wanda ya gabace shi. Ki fara jan daga wajen takarda, ki ƙare a wajen takarda. Inda alƙalami ya tsaya ko ya juya nan yake zubar da tawada mafi yawa, shi ya sa gefunan katinki suka fi tsakiya duhu. Da kin bar wannan santimita ɗayan, da duk ɓarnar ta faɗa a wurin da reza za ta yanke. Kada ki yi gaggawar ja kamar mai goge allo. Hannu a hankali, amma ba tsayawa.

Shafar farkon nan ba don kyau aka yi ta ba, jiƙo ce. Tun tana ɗanya ki ɗauki matsakaici, ki faro daga sama ki sauko har kusan kashi biyu cikin uku. Ki ɗauki mai duhu, daga sama zuwa kashi ɗaya cikin uku. Mafi duhu ya tsaya a ƙololuwa da kusurwoyi biyu na sama. Yanzu kina da hawa huɗu masu iyaka a fili, abin ba kyan gani, kada ki tsorata. Sai ki juyo baya: ki ɗauki mai duhu ki bi iyakarsa da mafi duhu, ki ɗauki matsakaici ki bi iyakarsa da mai duhu, ki ƙare da mai haske. Abin da ke faruwa shi ne alkol ɗin da ke cikin alƙalami mai haske yana narkar da bakin rini mai duhu yana jan sa ƙasa. Kullum mai haske ne yake sasanta tsakani. Bakinsa zai kwashi duhu, ki goge shi a guntun takarda har ya dawo launinsa kafin ki rufe. Idan alƙalaminki yana da baki mai laushi irin na buroshi, a wajen sasantawar nan yake da amfani: ki danna a cikin duhu, ki fizgo zuwa haske kina ɗaga hannu. Duk wannan, a falle mai girman tafin hannu, bai kamata ya wuce 'yan mintuna ba. In waya ta yi ƙara, a bar ta.

Yaya za ki san takarda ta ƙoshi? Ki juya bayanta. Wannan ita ce dabarar da ta fi kowace amfani a cikin duk abin da zan faɗa miki. In bayan ya yi launi bai ɗaya, sumul, gaban ma zai bushe sumul. In bayan ya yi fari-fari da tabo-tabo kamar jikin zabo, to tawada ba ta ratsa ko'ina daidai ba, kuma dabbaren nan zai bayyana a gaba da zarar ya bushe. Na tabbata in kika juya katunanki uku zabi za ki gani. Sai a ƙara shafa. Amma ƙoshi yana da iyaka. Takarda in ta cika ta ƙi karɓa, rini ya taru a sama, ya yi danƙo, ya ɗauki wani sheƙi ja-ja kamar na turkuɗi da ya sha bugu. A jikin rawani abin ado ne, a kati kuwa alama ce ta an wuce gona da iri, yatsa ma yana barin sawu a kai. Da kin ga sheƙin ya fara, ki tsaya. Ki bar shi ya bushe sarai kafin ki yanke hukunci, domin jiƙaƙƙen shuɗi ya fi busasshe duhu, kuma layuka da yawa suna ɓacewa da kansu cikin minti goma.

Maganar hunturu kuwa, ga yadda nake yi a nan Garwa. Sarari da sassafe nake shafawa, bayan asuba, kafin rana ta ɗaga, lokacin da iska take da sanyi da ɗan sauran laima. Taga a rufe ta ɓangaren da iska take shigowa, fanka a kashe. Da rana sai in yi yanka da manne-manne. Da dare ba na zaɓen launi ko kusa, domin a hasken ƙwan lantarki ko fitilar waya shuɗi mai duhu da shunayya duk ɗaya suke, sai gari ya waye ka ga abin da ka aikata. Akwai kuma wani abu da ya daɗe yana ba ni wahala kafin in gane shi. Wata shekara duk sararin da na yi sai in ga wasu 'yan wurare masu haske, zagaye-zagaye, kullum a gefen dama na ƙasa. Na zargi takarda, na zargi alƙalami. Ashe babban yatsana ne. Lokacin sanyi kowa yana shafe hannu da man kaɗanya ko basilin saboda kaushi, man ya zauna a takarda inda aka riƙe ta, tawada ta zo ta ƙi shiga daidai. Ki wanke hannu da sabulu kafin ki taɓa falle, ki riƙe shi ta baki-baki, ki sa guntun takarda a ƙarƙashin hannun da kike zane da shi. Ƙura ma ki share da busasshen ƙyalle, don bakin alƙalami yana kwashe ta ya yi ta ja da ita.

Sai nason da ya shiga tumakinki. Tawadar nan ba ta san layi ba. Ba a saman takarda take tafiya ba, ta cikin jikinta take bi, shi ya sa ko kin manna tef a kan tunkiya za ta bi ta ƙarƙashi ta fito. Kuma gwargwadon yadda kika jiƙa takarda don sarari ya yi sumul, gwargwadon yadda nason zai yi nisa. Abu biyun da kike so suna faɗa da juna ke nan, sarari sumul da farar tunkiya a falle ɗaya. Gwanaye suna iya kewaye hoto da ƙaramin baki su bar tazara kamar kaurin zare, tawada ta cike da kanta, amma yayin da kike lallaɓa ƙafar tunkiya sauran sararin ya bushe. A Marwa cikin Disamba ban ba ki shawarar wannan kokawa ba. Ki raba su. Ki shafe sararin gaba ɗaya babu komai a kansa, ki zana tumaki da makiyaya a wata takarda, ki yanke su da ƙaramin almakashi, ki manna. Ki bi farin bakin yankan da alƙalami ruwan toka don kada ya yi ta ƙyalli a kan duhu. Hanya ta biyu ta ma fi sauƙi, kuma a idona ta fi kama da dare: ki zana su inuwa baƙa ƙirin a kan busasshen sarari. A nan ne baƙin alƙalamin da kika ajiye zai yi aikinsa. Da dare ai ba ka ganin launin rigar makiyayi, siffarsa kake gani da sandarsa a kafaɗa.

In wani naso kaɗan ya riga ya faru, alƙalami mara launi, wanda a Copic yake da lamba 0, yana iya tura shi baya. Sunan da ake kiran sa da shi yana ruɗin mutane su ɗauka haɗa launi yake yi. Turawa yake yi da kodarwa. Ki sa shi a farin wuri ki tura tawadar zuwa cikin duhu, ki bari ya bushe, ki sake. Shuɗi mai duhu ba ya fita duka, sai dai ya ragu.

Layin zane kuma ki kula da abin da kika ja shi. Tawadar biro alkol yana narkar da ita. Na taɓa zana komin dabbobi da jariri a ciki har guda goma sha biyu da baƙin biro, don sauri, na zo na bi da shuɗi, fuskar kowane jariri ta koma kamar an shafa mata zuma da gawayi. Dare ɗaya na sake su duka. Maka irin ta rubutu a kwali ita ma alkol ce, haka za ta yi. Abin da yake tsayawa shi ne siririn alƙalami mai tawadar gari irin Pigma Micron, in an bar shi ya bushe sosai, ko kuma ki zana sau ɗaya ki kai a yi miki fotokopi a kan bristol ɗinki. Garin injin fotokopi da zafi ake manna shi, yawanci yana jure alkol, amma ki gwada ɗaya tukuna. Fensir kuma ki goge shi ya rage kamar inuwa kafin ki shafa, don duk abin da tawada ta hau ya zauna ke nan.

Wata da babban tauraron Baitalami tun farko ake bar musu wuri, don fari ba ya dawowa. Ki ɗora kwabon dala ashirin, ki kewaye shi da fensir sama-sama, sannan ki juya tsarin shafar: maimakon daga sama zuwa ƙasa, haske ya kewaye watan, duhu ya yi ta ƙaruwa zuwa gefuna. Ko kuma ki yanki farin da'ira ki manna, ba wanda zai kai ƙara. Inda mutane suke faɗawa rami shi ne hasken wuta ko fitila. Suna sa rawaya, su kawo shuɗi kusa, tsakani ya koma kore kamar miyar kuka. Tunda tawadar ba ta rufe juna, rawaya da shuɗi dole su haifi kore. Ki sa mai shiga tsakani: rawaya, sai ruwan goro mai haske, sai ruwan hoda, sai shunayya mai haske, sannan shuɗi. Kada rawaya ta taɓa shuɗi kai tsaye.

Taurari sai komai ya bushe ƙarau. Farin alƙalamin jel, irin Uni-ball Signo ko Gelly Roll, yana yi, sai dai yakan ɗan sha shuɗin da ke ƙasa ya dushe. Ki bar ɗigon ya bushe ki sake ɗiga a kan waɗanda kike son su fi haske. Farin guwash ma yana yi, kuma ya fi sauƙin samu a wajenmu. Ki dama shi ya yi kaurin kindirmo, ki tsoma tsohon buroshin haƙori, ki karce gashinsa da yatsa daga nesa kamar taki ɗaya. Feshin farko a kan tarkacen takarda, don shi ne mai manyan ɗigo. Ɗigon alkol na kantin magani, a bakin tsinke, yana ba da tauraro mai laushi da baki mai ɗan duhu, domin yana ture rinin gefe. Ki nemi mai digiri 90, wato wanda kashi 90 cikin ɗarinsa alkol ne, wanda ba a sa masa launi ba. Mai 70 ruwa ya yi masa yawa, yana kumbura takarda. Wata dabara ta tsofaffi: ki huda sararin da allura, ki manna shi a kan farar takarda ko rawaya, taurarin su leƙo ta ramukan.

Amma kafin ki ɗiga ko ɗaya, ki fita tsakar gida yau da dare ki ɗaga kai. Ba a jere taurari suke ba kamar ɗigon atamfa, yadda kika yi su. Wani wuri cunkus, wani wuri fayau, manya ƙalilan, ƙanana ba adadi. A Disamba Kaza da 'ya'yanta suna can sama da farkon dare, ɗan gungu ƙanƙane da duk wanda ya tashi a ƙauye zai gane in ya gan shi a kati. Ki duba gindin sama kuma: hazo ya cinye taurarin ƙasa, wurin ya yi toka-toka mai ɗan ja. Saboda haka ki tara taurarinki a sama, ki rage su kina saukowa, ki ɗan taɓa gindin da ruwan toka mai ɗumi. Na ga a kati na uku kin yayyafa dusar ƙanƙara a kan bishiyar Turawa. In masu saye suna so, ki yi musu, kasuwa ce. Ni dai da kuka zan sa, ko giginya, ko duwatsun Mandara da suke yamma da ku, ko tsinin Rumsiki, da makiyaya sun kewaye wuta sun rufa da bargo. Labarin da katin yake bayarwa na makiyaya ne da suke kwana a fili suna tsaron garke, mu kuwa wannan ba sai an kwatanta mana ba.

Saura lissafi, tunda sayarwa kike yi. Sararin dare yana shan tawada fiye da komai a wannan sana'a, kuma masu haske ne suke fara ƙarewa, ba masu duhu ba, don su ne suke jiƙo su ne suke sasantawa. Alƙalamin da ya fara ƙishi ba zai taɓa ba ki sumul ba komai gwanintarki. Da kin ji bakinsa yana ƙara a takarda, ko ya yi fari-fari, aikinsa a sarari ya ƙare. Copic ana sayar da tawadar ƙari a kwalba, masu araha yawanci babu. Ɗigon alkol kaɗan a cikin wanda ya bushe yana farfaɗo da shi na ɗan lokaci, amma launin zai yi rauni, don rini ba ka ƙara ba. In aka ba ki aikin kati hamsin, kada ki shafa sarari hamsin. Ko dai ki rage girman sararin ya zama 'yar taga ko da'ira a tsakiyar farin kati, ko ki sayi takarda mai launin shuɗi mai duhu ki manna hotunan da kika shafa a farar takarda, ki yayyafa taurari. A kan takarda mai duhu maka ba ta fitowa, don haka nan guwash da jel ne sarakai. Masu shafaffen sarari ki yi su kaɗan, ki sa musu kuɗinsu daban.

Alkol yana kama wuta. In lantarki ya ɗauke, kada ki jawo kyandir ko aci-balbal kusa da buɗaɗɗun alƙaluma da kwalbar kantin magani, kuma ko kin rufe tagar iska ki bar ƙofa a buɗe, warin yana sa ciwon kai. Ki ajiye su a kwance, murfi ya shiga har ya yi ƙas, nesa da rana. Katin da aka gama shi ma haka, rinin nan rana tana kodar da shi, saboda haka in za ki baje su a bakin coci ki nemi inuwar darbejiya, ki fito da samfuri biyu ko uku, sauran su zauna a ambulan. Wajen mannawa ki yi amfani da gam na sanda ko tef mai fuska biyu, gam mai ruwa yana sa falle ya yi tudu da kwari. Ki danne su da littafi mai nauyi su kwana.

Kafin ki taɓa kati na gaba, ki yanki guntaye shida masu girman akwatin ashana biyu, ki shafe su gobe da asuba ɗaya bayan ɗaya, ba hoto ba tauraro, shuɗi kawai. Ki rubuta lamba a kusurwar kowanne. Sannan ki turo mini hoton na farko da na shida, ta baya.